Yayen 'Yan Kyanwa: Baitoci da Sharhinsu a Kan Raba Uwa da Ɗanta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ajiye abincin jariri a jikin uwarsa tun bai iya roƙo ba, ya dasa tausayinsa a zuciyarta tun ba ta ga amfaninsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, waɗannan 'yan baitoci ne da sharhinsu a kan wata mas'ala wadda mutane suke ganin ta yi ƙanƙanta a kai ta gaban malami, watau yaushe ne ya halatta, kuma ya kyautu, a ɗauke ɗan kyanwa daga uwarsa a kai shi wani gida. Mu nan ƙasar Bibemi, da zarar kaka ta yi an cika rumbuna da dawa da masara da gyaɗa, daga baya kuma dawar rani da ake kira muskuwari ta iso, sai ɓera ya yi sarauta a gidaje. A lokacin ne kowa yake tunawa da kyanwa. Gidan da ta haihu sai ka ga yara suna sintiri da kwali ko ƙwarya, wannan ya ce inna ta ce a ba ta ɗaya, wancan ya ce baba ya ce a ajiye masa baƙin. Mai gida kuwa da ma neman kai yake da su, sai ya raba su suna da kwana ashirin ko wata guda. Kafin mako ya zagayo da yawansu sun mutu a gidajen da aka kai su, a ce ba su da kwana a gaba. Waɗanda ba a samu mai so ba kuwa, a zuba su a buhu a yar a bayan kasuwa ko a bakin mayo. Rai ne yake salwanta a hannun Musulmi, saboda haka na ga ba ta yi ƙanƙanta ba. Na ce:

Mai gida, kyanwarka in ta sauka,
Amana ta ƙaru gare ka ran haihuwa.
Kada ka miƙa hannu ka ɗauke ɗanta,
Idonsa rufe, bai san kowa ba sai uwa.

Sharhi. Ka sani, kyanwa, wadda wasu suke ce wa mage, wasu mussa, wasu kuliya, tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, galibi ta haifi uku zuwa biyar. Ana haihuwar ɗanta ido rufe, kunne toshe, nauyinsa wajen giram 100 ne, watau ka ɗora shi a tafin hannu ka rufe. Idon ba ya buɗewa sai bayan kwana bakwai zuwa goma. A makonni uku na farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, ɗumin uwa da na 'yan'uwansa yake aro. Wannan shi ya sa wanda aka haifa a watan sanyi, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa da dare, in aka ware shi dare ɗaya sai a wayi gari ya sandare. Abin da ya fi wannan ban mamaki, a waɗannan makonni ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Wanda ya ɗauki ɗan kwana goma sha biyar ya ajiye masa nono a faifai, ya ɗauka ya ciyar da shi, bai san cewa ko ya sha ba zai iya fitarwa ba. Nonon farko kuma, wato dakashi, wanda yake sha a yini na farko, shi ne garkuwarsa daga cututtuka har tsawon makonni. Mutanenmu sun daɗe suna ƙyamar dakashi, har a na 'yan Adam, alhali likitoci sun tabbatar babu abin da ya fi shi amfani ga jariri.

To mece ce amanar da na ambata a baiti? Kyanwar da take kwana a gidanka, take tsare maka rumbu, ka san ta ta san ka, ta shiga ƙarƙashin hannunka ko ba ka saye ta da kuɗi ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, sananne ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi, yara ma sun haddace. Sai dai mutane suna fahimtarsa a kan ɗauri da kulle ƙofa kawai. Ni kuwa ina ganin illar da ke cikinsa ita ce yanke wa mai rai hanyar abincinsa ba tare da ka maye masa gurbinta ba. Ɗan kyanwa mai kwana ashirin hanyar abincinsa guda ɗaya ce tak a duniya, ita ce hantsar uwarsa. Wanda ya raba shi da ita ya yanke wannan hanya, ko da bai ɗaure shi da igiya ba. Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Abu Ƙatada, Allah ya yarda da shi, yana karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tsarkake ta, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Abin da shari'a ta lissafa cikin mutanen gida, ba a yi wa 'ya'yansa abin da ake yi wa shara.

Idan ka ce: ai mu Malikawa ne, kuma abin da ya shahara a mazhaba shi ne hana raba uwa da ɗa ya keɓanta da 'yan Adam, amma dabbobi ya halatta a raba su, ba ga kasuwar Adumri nan ba, ana sayar da saniya a bar maraƙi, ana sayar da ɗan akuya a bar uwa, babu malamin da ya hana?

Sai in ce: ka faɗi gaskiya game da abin da ya shahara, ba zan ɓoye maka shi ba. Amma tsaya mu bi mas'alar daga tushe, domin akwai fa'ida a cikinta. Asalin babin yana cikin hukunce-hukuncen ciniki a zamanin da ake sayar da bayi, zamanin da ya shuɗe, kuma ƙasarmu ta Adamawa ta ga rabonta na baƙin cikinsa. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyuba narko mai tsanani a kan wanda ya raba uwa da ɗanta, cewa za a raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Daga nan Ibnu Abi Zaidin (ya rasu 386 ta Hijira) a cikin Risala, da Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, suka hana a raba su a ciniki har sai yaron ya yi famfara, watau ya zubar da haƙoran nono. Da masu sharhi suka zo kan dabbobi, sai mafi yawansu suka halatta. Amma an ruwaito daga Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik (ya rasu 191 ta Hijira), cewa dabba ma ba a raba ta da ɗanta sai ya wadatu daga gare ta da kiwo. Shafi'awa kuma sun hana rabawa, in ba ta hanyar yanka ba, kafin ɗan ya wadatu daga nono. Ka ga ke nan maganar ba ta da baki ɗaya.

Sannan ko a kan zance mashahuri, abin da aka halatta shi ne rabawa, ba a halatta halakarwa ba. Maraƙin da aka sayar da uwarsa, ko dai a yanka shi a ci, wannan amfani ne da shari'a ta yarda da shi, ko a haɗa shi da wata saniya, ko ya riga ya fara cin ciyawa. Ɗan kyanwa kuwa ba a neman namansa, ba ya kiwo, kuma a gidan da za a kai shi babu wata mai shayarwa. Raba shi da uwarsa kafin lokaci kisa ne a hankali ba tare da wata manufa ba, kuma babu saɓani a kan hana azabtar da dabba a banza. Saboda haka a game da kyanwa zantukan biyu suna komawa wuri guda, shi ne wadatuwa. Muddin bai wadatu ba, hannunka ya tsaya.

Fulanin da muke zaune da su ba su karanta wannan saɓani ba, da yawansu, amma suna aiki da shi kullum safiya. Ka je ruga ka ga maruƙa jere a dangwali. Ba a tatsar saniya sai an saki ɗanta ya fara tsotsa, domin irin shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ji ɗansu, kuma in an gama tatsa a bar masa saura. Makiyayin da ya ƙwaƙule hantsa ya bar maraƙi da yunwa, 'yan'uwansa ba sa ganinsa da daraja. Malaman fiƙihu ma haka suka ce, ba a tatsar abin da zai cutar da ɗan. To don me muke kiyaye wannan ga saniya mu manta da shi ga kyanwa? Amsar a fili take, maraƙi yana da kuɗi a Adumri, ɗan kyanwa kyauta ake bayarwa. Wannan kuwa ma'aunin kasuwa ne.

Akwai wani abu mai daɗi a cikin babin nan. Malamanmu sun yi saɓani, shin hanin nan haƙƙin uwa ne ko haƙƙin ɗa? Abin da Halilu ya tafi a kai shi ne haƙƙin uwa ne, shi ya sa in ta yarda da rabuwar sai hanin ya faɗi. Wasu suka ce haƙƙin ɗa ne, yardarta ba ta kayar da shi. Dalilin haƙƙin uwa a dabbobi yana cikin abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'udu: suna cikin tafiya sai suka ɗauki 'yan tsaki biyu na wata ƙaramar tsuntsuwa, ta zo tana shawagi tana karkaɗa fukafukai, da Annabi (S.A.W.) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya yi umarni a mayar mata. Ka lura, halin uwar ya duba. Duk wanda ya taɓa jin kyanwar da aka kwashe wa 'ya'ya tana zagaya gida kwana biyu ko uku tana kira, tana leƙa bayan randa da ƙarƙashin gado, nono ya cika mata har ya yi tauri, ya san wannan tashin hankali da idonsa.

To yaya za a nemi yardar kyanwa, tun da ba ta magana? Tana magana da harshen hali, wanda ya zauna ya duba zai ji. A makonni uku na farko ita take zuwa wurinsu ta kwanta ta kira su. Daga mako na huɗu, haƙoransu sun fara tsirowa sun fara tafiya, sai ya zama wani lokaci ita ta neme su, wani lokaci su su neme ta. Daga wajen mako na shida zuwa na takwas sai ka ga ta fara kwanciya rub da ciki ta ɓoye nono, ko ta haye katanga inda ba su iya kaiwa, wanda ya matsa ta ture shi da hannu ta yi masa ɗan gurnani. Wannan shi ne yayenta. Ba ta yinsa rana ɗaya, kuma ba ta shafa maɗaci kamar yadda matanmu suke yi. Tana ragewa ne kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda suka iya cin wani abu. Allah ya ba ta sanin lokacin, mu namu kawai kada mu riga ta. Na ce:

Nono rabi ne cikin abin da take ba shi,
Rabin da ya saura horo ne da koyarwa.
Wanda ya ƙoshi bai iya neman na gobe ba,
Kar ka ce ya isa, yana nan cikin yunwa.

Sharhi. Nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke yin gaggawa. Suna ganin ɗan kyanwa ya sa baki a ƙwarya ya lashi kunu yana da wata guda, sai su ce ai ya fara ci, a ɗauka. Fara ci daban, wadatuwa daban. Ibnul Ƙasim bai ce har maraƙi ya ɗanɗana ciyawa ba, cewa ya yi har kiwo ya wadatar da shi. To mene ne kiwon kyanwa? Farauta ce, kuma farauta koyo take so. Daga wajen mako na huɗu uwar takan fara kawo musu mataccen ɓera ta ci a gabansu. Daga baya ta kawo ta bar musu. Daga baya ta kawo mai rai, ta sake shi a tsakiyarsu, in ya kuɓuce ta kamo ta dawo da shi. Ban ga malamin allo da ya fi ta haƙuri da bin daraja-daraja ba.

Wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Zing-Yang Kuo ya gwada wannan, ya buga sakamakonsa a 1930. Ya raba 'yan kyanwa gida uku. Waɗanda suka tashi suna ganin uwarsu tana kashe ɓera, 18 cikin 21 sun zama masu kashewa. Waɗanda aka raine su su kaɗai ba su taɓa gani ba, 9 cikin 20. Waɗanda aka raine su tare da ɓera a keji guda, 3 kawai cikin 18. Ka ga ɗabi'a tana nan a jini, tun da wasu sun kama ba tare da malami ba, amma ganin uwa ya kusan ninka ta. To kai da ka aiko yaro da kwali don ɓera ya dame ka, in ka ɗauke shi kafin ya sauke karatu, kanka ka cuta. Sai ka yi shekara kana ciyar da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, ɓera yana wucewa ta gabanta.

Ba farauta kaɗai ba. A wasan kokawa da 'yan'uwansa, wanda yake tsananta daga wata na biyu zuwa na uku, yake gane iyakar cizo da ƙarta: in ya ciji ɗan'uwansa da zafi, a yi ƙara a rama, sai ya koyi sassautawa. Masana a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun tattara bayanin kyanwoyi 5,726 daga masu su, suka fitar da sakamako a 2017, cewa waɗanda aka raba da uwa kafin mako takwas sun fi yawan faɗa da mutane, waɗanda suka kai mako goma sha huɗu kuwa sun fi natsuwa, kuma sun fi kuɓuta daga ɗabi'ar tsotsar tsumma da yawan lasar jiki. Wannan tsotsar tsumma na sha ganinta a gidaje, ƙatuwar kyanwa ta kama gefen bargo tana tsotsa tana taka shi da hannuwa kamar mai neman nono. Mutane suna dariya. Ni kuwa ba ta ba ni dariya, domin bashi ne take bi wanda babu mai biyanta. A ƙasar Faransa doka ta hana sayar da ɗan kyanwa ko ɗan kare, ko bayar da shi kyauta, kafin ya cika mako takwas.

Masu tarbiyyar zukata sun san wannan sirri. Shaihu Suhrawardi (ya rasu 632 ta Hijira) ya bayyana a cikin Awariful Ma'arif cewa almajiri yana da lokacin shayarwa a wurin shaihinsa da lokacin yaye, kuma wanda ya rabu kafin lokacinsa cututtuka suna kama shi a hanya kamar jaririn da aka yaye da wuri. Kuma tun da magana ta kawo mu nan, bari in faɗi wata ko da za ta yi ɗaci. Malaman da suka rayu a zamanin cinikin bayi ba su yarda mai saye ya raba yaro da uwarsa ba sai ya yi famfara, wajen shekara bakwai. Yau uba da kansa yana ɗaukar ɗan shekara huɗu ko biyar, haƙoran nono cike da bakinsa, ya sa shi a mota zuwa Garwa ko Marwa ko Yola da sunan karatu, uwa tana kuka a bayan ɗaki ba a tambaye ta ba. Alƙur'ani ya sharɗanta yarda da shawara tsakanin iyaye biyu ko a yaye daga nono. Na bar wannan a nan, masu hankali su ɗauka.

Mu koma ga kyanwa. Ita ma tana famfara. Haƙoranta na nono 26 ne, suna fara zuba wajen wata uku zuwa huɗu, manya 30 su maye gurbinsu. Ban kawo wannan don in yi ƙiyasin shari'a ba, dabba ba mutum ba ce. Amma abin lura ne cewa alamar da malamanmu suka zaɓa ga ɗan Adam, in ka neme ta a bakin ɗan kyanwa, sai ta faɗo kusa da lokacin da likitocin dabbobi suka fi so a raba shi da uwarsa. Na ce:

Ƙidaya makonni ka kai sha biyu,
Sannan ka nemi gida mai ci da inuwa.
Wanda za ka ba, dubi halinsa tukun,
Kyauta ba ta sauke nauyin kulawa.

Sharhi. Abin da nake ba da fatawa da shi ga wanda ya tambaye ni shi ne, kafin mako takwas kada a raba su sam sai da larura. Daga takwas zuwa goma sha biyu babu laifi in akwai buƙata, muddin ɗan yana cin abinci sosai da kansa, yana shan ruwa, yana tona ƙasa ya binne kashinsa, nauyinsa ya doshi kilo guda. Abin da ya fi kyau a cika goma sha biyu, watau wata uku babu kaɗan. Wanda bai riƙe ranar haihuwa ba, ya dubi uwar da baki da ido: idon jariri shuɗi-shuɗi ne, yana fara juyawa zuwa launinsa na gaskiya wajen mako na shida ko na bakwai. Wanda idonsa bai juya ba, ko tambaya kada a yi.

Amma fa barinsu wurin uwa ba yana nufin a ƙyale su a bayan rumbu babu mai leƙawa ba. Daga mako na biyu zuwa na bakwai ne ɗan kyanwa yake sabawa da mutum. Wanda hannu bai taɓa shi ba a wannan tsakani, da wuya ya zama na gida, sai ya tashi kamar muzurun daji, yana ganin mutum ya ruga. Saboda haka a riƙa ɗaukarsu a hankali kowace rana na ɗan lokaci, a gaban uwar, a mayar. A hana yara ƙanana jan wutsiya da yawo da su a unguwa, domin in uwar ta ga an dame ta sai ta kwashe su da baki ta sauya wuri, wani lokaci zuwa inda kare ko maciji zai same su. Ita kanta a ƙara mata abinci, mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba. Kyanwa halittar cin nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Allah ya hore mana kifi, ga Mayo Kebbi ga tafkin Lagdo, ɗan dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ba zai talauta gida ba. A kiyaye ba su miya mai albasa ko tafarnuwa, suna lalata musu jini. Nonon shanu kuwa, wanda shi ne abin da kowa yake fara miƙawa a ƙasar nan tamu ta Fulani, yawansa yana sa su zawo, zawo kuwa a watan zafi na Maris da Afrilu yana kashe ƙaramin cikin yini biyu.

Larura tana da hukuncinta. In uwa ta mutu, ko mota ta take ta, ko ta ci ɓeran da aka sa wa guba, wanda yake yawan faruwa tun da mutane suka koma zuba maganin feshin auduga a abinci don ɓera, to mafi alheri a nemi wata kyanwa mai shayarwa a unguwa a haɗa mata, da yawansu suna karɓa. In ba a samu ba, sai ɗumi tukuna kafin abinci, a tsumma cikin kwali. A ba shi madarar da aka yi don 'yan kyanwa in ana samu wurin likitan dabbobi, in babu sai dafaffiyar madara da ta huce a kaɗa ta da ƙwanduwar ƙwai, a matsayin maganin wucin gadi. A ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, yana kife a kan cikinsa, kada a kwantar da shi rigingine ya shaƙe. Bayan kowane ci a shafa masa ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi a madadin harshen uwa. Wahala ce, kuma wanda ya yi ta mako guda zai san darajar abin da uwar take yi kyauta.

Saura maganar wanda ya ce sun yi masa yawa. Uzurinsa gaskiya ne. Kyanwa tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, tana iya ɗaukar wani ciki tun ba ta gama yaye ba, 'yarta kuma tana iya ɗauka tana da wata biyar ko shida. Magabata ma sun fuskanci irin wannan. Haɗɗabi ya kawo a sharhinsa na Muhtasar cewa an tambayi Ibnu Arafa na Tunis (ya rasu 803 ta Hijira) game da kyanwar da ta makance amfaninta ya ƙare, ya ce wajibi ne a ciyar da ita, kada a kashe. Almajirinsa Burzuli ya karkata ga halatta yanka irin wannan, har da ƙananan da nonon uwarsu ya gaza, don ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Ka duba, ko wanda ya sassauta yanka mai hutarwa ya ambata a inda yunwa ta tabbata. Babu ɗayansu da ya ce a ɗaure su a buhu a bar wa rana da tururuwa. A yau kuma akwai ƙofar da ba su da ita, likitocin dabbobi suna yin aikin da yake tsayar da haihuwar kyanwa, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi in akwai maslaha kuma ba a azabtar ba, ni ma a kan haka nake. Wanda ya kai shanunsa rigakafi, a yankin da ɗakin binciken LANAVET na Bokle yake yin alluran dabbobi tun shekarun 1980, bai kamata ya ji nauyin tambayar likita game da kyanwarsa ba. Ya tambaya har da allurar haukan kare, wadda ake yi wa ɗan kyanwa in ya cika wata uku, domin kyanwa ma tana ɗaukar cutar ta sa wa mutum. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya tafi asibiti ran nan.

Game da wanda za a ba, Izzuddin ɗan Abdussalam (ya rasu 660 ta Hijira) ya lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a cikin Ƙawa'idul Ahkam, daga ciki har da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a amfana da ita. Wanda ka san ba zai iya wannan ba, ko ka san gidansa yara ne suke jifan duk abin da ya motsa, hana shi ba rowa ba ce. In gida ɗaya zai ɗauki biyu, ya fi, suna ɗebe wa juna kewa. Kada a kwashe su duka rana ɗaya, a riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya da 'yan kwanaki a tsakani don nonon uwar ya janye a hankali. A haɗa wa mai ɗauka da tsumman da suke kwana a kai, ƙanshin uwar yana ciki. Shi kuma ya ajiye shi a ɗaki guda na 'yan kwanaki da ruwa da abinci da kaskon yashi, kada ya sake shi tsakar gida daren farko, domin zai fita neman hanyar gidansu, kuma tsakanin unguwa da unguwa akwai karnuka.